Jinin Kyalla da Farantan Jeji

Faɗa na fara yi a Afirka ta Kudu, tun ban fita daga filin jirgi ba, kuma a kan jinin dabbobi. Na sauka da jakar kaya ɗaya da akwatunan sanyi biyu cike da 'yan kwalabe, kowace da lambarta. Jinin da na yi wata biyu ina ɗiba ke nan gari-gari a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, kuma a kansa aka ba ni gurbin karatun digiri na uku. Takardun izinin shigo da shi suna hannuna, sai dai ban san ƙofar da ake kai su ba. Ina cikin waige-waige wani mai kwat da kati rataye a wuya ya matso, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce ai aikinsa ke nan. Na ba shi abin da ya nema, ya ce in tsaya nan kada in motsa. Na kuwa tsaya har awa biyu, ƙanƙara tana ta narkewa a cikin akwatunan.

Ni mutum ne mai saurin hawa, a gidanmu ma an san ni da haka. Da na tabbata an damfare ni sai na fara ɗaga murya ina neman wanda zan sauke wa, jama'a suna kewaye ni suna wucewa. Wata gajeruwar mata mai goge daɓe ce ta jingine sandarta ta dube ni sama da ƙasa.

"Ihun nan naka ba zai daskarar da ruwan nan ba," in ji ta da Turanci. "Ɗauko kayanka ka biyo ni."

Ta kai ni wani ofis a lungu, inda aka karɓi takarduna ba tare da an nemi komai ba, aka zuba kwalaben a firiza. Da na juyo in yi mata godiya har ta koma bakin aikinta. Ban ma tambayi sunanta ba, kuma abin yana damuna har yau.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa nake yawo da jini. Ni ɗan Janfalan ne, autan gidanmu, sunana Isiyaku. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, kuma da awakin mahaifiyata, wadda muke kira Iya, aka yi mini kusan duk hidimar makaranta. Asalinsu akuya ɗaya ce ja mai farar ɗamara a ciki, da kakata ta ba Iya lokacin da aka kawo ta gidan. Daga ita zuri'ar ta yaɗu, kuma duk macen da ta ɗauko wannan ɗamarar sai Iya ta sa mata Kyalla. Sai wata cuta ta shigo. A haifi ɗan akuya ƙugunsa ba ƙarfi, ko kuma ya tashi lafiya, bayan 'yan makonni ya fara tangaɗi yana jan ƙafafun baya. Idonsa garau, yana neman nono, amma ba zai iya tsayawa ya sha ba, har ya kwanta ya mutu. Mata suna cewa iska ce. Ni da na karanta kiwon dabbobi na fi zargin ƙarancin sinadarin jan ƙarfe, wanda jiki ke buƙatar ɗan mitsitsi daga abinci. In ya yi wa akuya mai ciki ƙaranci, lakar ɗan ba ta ginuwa daidai, kuma in an haife shi a haka babu magani. Manyan suka tsufa, wasu aka sayar, ƙanana ba sa rayuwa. Lokacin da zan tafi Kyalla ɗaya tak ta rage a turken Iya, ni kuma na bugi ƙirji na ce mata zan gano abin da ke cin awakinta.

Wata uku na yi a birnin da jami'ar take. Na iso a watan Yuni, lokacin da a gida ake noman farko, na tarar da wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Sanyin mutanen ya fi damuna. Da safe in gaida mutum in tambayi kwanan iyalinsa da gajiyarsa, sai ya jefo mini kalma ɗaya ya ƙara sauri, kamar na ce zan bi shi gida. Na ci burodi da dankali har na fara mafarkin miyar kuka. Malamata, wata dattijuwa mai farin gashi da kowa ke kira Farfesa, ba ta da wasa kuma ba ta da mugunta. Ita ta ce in tattara in koma gonar binciken sashenmu, can cikin jeji, domin a can na'urar auna sinadarai take.

Yini guda muka yi a mota. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, busasshiya, sai duwatsu da 'yan ƙananan ƙayoyi da tumaki. A gidanmu in ka yi tafiyar minti goma za ka ga gonar rake ko wani a kan babur. A nan kuwa sai ka yi awa ba ka ga ɗan Adam ba. Da muka kusa na hango wasu fararen abubuwa tsaye a fili, irin farantin da ake kafawa a rufin gidan kallon ƙwallo, amma kowanne ya fi gidan sama tsayi. Wasu a cunkushe wuri ɗaya, wasu warwatse har iyakar ganina, duk sun karkata gefe guda. Direba ya ce na masu binciken sararin samaniya ne, kuma saboda su ba a kafa ƙarfen waya a yankin ba, domin ko ƙaramar waya tana dame musu aiki. Wato ni da jin muryar Iya sai ranar da na sami mota zuwa wani ɗan gari mai nisan awa ɗaya da rabi.

A nan na san Sifo. Ma'aikacin wurin farantan ne, dogo mai yawan dariya, kuma duk Juma'a yana shiga gari sayayya. Ya ga ina tsaye a bakin hanya da hulata, ya tsaya ya ɗauke ni, daga ranar kuma ya mai da abin ƙa'ida. A garin akwai wani Basomale mai kanti da ya ware mana ɗan wuri a bayan buhunan shinkafa. Mu huɗu ko biyar ne musulmin garin, mu yi sallar azahar tare, ya ba ni shayi mai citta da soket in sa caji, sannan in kira gida. Wannan awa biyun ita nake jira tun daga Asabar.

Na yi watanni ina aikin kwalabena ɗaya bayan ɗaya. Sakamako ya fito, na zauna ina kallonsa kamar an mare ni. Jan ƙarfe daidai. Sauran sinadaran ma daidai. Daga Ikara har Kudan babu abin da ya gaza, in ban da kwalba ɗaya da ta faɗo ƙasa warwas. Na ce wannan ai ta lalace ne a filin jirgi, lokacin da ɗan damfarar nan ya shanya ni. Na sa jan biro na soke ta, ko littafina na fili, inda na rubuta bayanin kowace kwalba, ban buɗe in ga ta wace dabba ce ba.

Farfesa ta zo gonar, ta sa tabarau ta bi takardar layi-layi.

"Isiyaku, dabbobin garinku sun fi nawa lafiya," ta ce. "In babu matsala, babu abin da za ka rubuta. Na ba ka zuwa ƙarshen zango. Ko ka nuna mini cutar a jini, ko mu canza maka aiki ka auna tumakin nan gonar."

Ranar Juma'a na kira Iya. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, na tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya. Sannan na gyara murya, irin ta wanda ya je ƙasar waje.

"Iya, an auna jinin. Na'ura ta nuna dabbobinmu ba su rasa komai ba. Lafiyarsu ƙalau."



"To, Auta," ta ce. "Tunda na'ura ta faɗa. Kyalla dai cikinta ya tsufa. Allah ya sa haka ne."

Raina ya ɗan sosu da wannan "Allah ya sa". A zuciyata na ce tsohuwa ba ta yarda da ilimi ba. Ina jin kunyar wannan tunanin yanzu, amma na yi shi.

Kyalla ta haifi tagwaye, mace da namiji. Namijin bai taɓa miƙewa ba. Macen, wadda ta ɗauko farar ɗamara, ta yi sati uku tana tsalle a tsakar gida, sannan ƙugunta ya fara kaɗawa. Iya ta riƙa tallafe ta tana kai bakinta ga nono har ta mutu a hannunta. Babban wanmu, Yaya Shehu, shi ya gaya mini, domin Iya ta ce kada a tayar mini da hankali.

"Ni dai shawarata a kai akuyar nan kasuwar Maƙarfi tun tana da sauran nama," in ji shi. "Ta tsufa, kuma ba ta haifar abin da ke rayuwa. Kai ma likitan ka ce ba ka ga komai ba."

Na roƙe shi ya dakata, ya ce zai dakata amma ba har abada ba.

A hanyar komawa gona, Sifo ne ya sha fushin. Muna hango farantan nan na ce masa ni ban ga amfaninsu ba. An tara dukiya an kafa kunnuwa ana sauraren taurari, an hana mutum kiran uwarsa, alhali ga awaki suna mutuwa a ƙasa babu mai saurarensu. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su da kan gado. Ya bar ni na gama tas. Da zai sauke ni ya ce, "Jibi da hantsi zan zo in ɗauke ka ka ga abin da kake zagi. Ka taho da takardun nan naka."

Ya samo mini izinin baƙo, muka bar wayoyinmu a ƙofa. Rana tsaka muka tsaya a gindin ɗaya daga cikinsu, sai ga shi yana juyawa a hankali, sauran ma duk suna juyawa tare da shi. Na ce ina taurarin da rana haka? Ya ce su ba haske suke kallo ba, wata irin igiyar rediyo ce da ke zubowa daga sama dare da rana, mai rauni ƙwarai.

"Faranti ɗaya, komai girmansa, dishi-dishi yake gani," ya ce. "Shi ya sa muke haɗa su. Igiyar takan iso wannan kafin ta iso wancan da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mun san tazarar da ke tsakaninsu, kuma dukkansu agogo ɗaya suke bi. Daga wannan ɗan bambancin muke lissafa inda abin ya fito. Na kusa da juna suna ba mu fasalin abin gaba ɗaya, na nesa da juna su ke fito da ƙananan layuka. In ka haɗa duka sai ka sami hoton da faranti ɗaya ba zai taɓa ba ka ba."

Na ce to na ji, amma har yanzu ban ga akuya a ciki ba. Ya yi dariya, muka koma ɗakin shan shayinsu, ya baje takarduna a tebur. Bai san komai game da jini ba, shi da kansa ya faɗa. Yatsansa kawai ya bi lambobin har ya tsaya a kan jan layin.

"Wannan fa?"

"Ta lalace."

"Wa ya ce?"

"Ita kaɗai ta saɓa wa sauran."

"Mu ma yakan faru," ya ce. "Faranti ɗaya ya kawo abin da sauran ba su kawo ba. Sau da yawa lalacewa ya yi. Amma kafin mu kashe shi sai mun duba ina ya fuskanta, mu kuma duba ina sauran suka fuskanta. Wannan daga wace dabba ce?"

Na ciro littafina na fili, wanda duk ya sha maiƙo da ƙasar gida, na nemo lambar. Rubutun hannuna ne, ɓaro-ɓaro: Janfalan, gidanmu, akuya, Kyalla. Na tuna ranar. Na gama zagaye na dawo da kwalba ɗaya da ta rage, Iya ta ce tunda ina tsikarar na mutane in tsikari tata ma. Na yi ne don kada ta ji haushi.

Na koma shafin farko na bi sauran. Rago. Rago. Rago. Can an sami bunsuru ɗaya, sannan rago. A take na ga yadda na yi aikin nan. Ina zuwa gari in yi sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, a kawo fura. Mu gaisa mu ƙara gaisawa. In ce na zo ɗibar jinin dabba za a kai ƙasar waje. Maigida ya miƙe ya shiga ciki da kansa, ya fito yana jan ragon da yake turkawa don layya, wanda ake ciyarwa da dusa da harawa da 'ya'yan auduga, ana yi masa wanka da sabulu. Wane magidanci ne zai fito wa baƙo da gurguwar dabba, balle an ce jininta zai hau jirgi? Ni kuma in ji daɗi an karrama ni, in yaba ragon, in ɗebi jini, in yi godiya. Awakin da ke haihuwar 'ya'yan nan na mata ne, suna can bayan ɗakuna, inda namiji baƙo ba ya shiga. A zaure na tsaya a kowane gida, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba, domin tun ina yaro a nan na san baƙo yana tsayawa. Na ce wa kaina gari ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, jini duk jini ne. Gida ɗaya kawai na shiga har turke, shi ne na uwata, kuma shi ne na sa wa jan biro.

Na gaya wa Sifo duk wannan. Bai yi dariya ba a wannan karon, ya dai tura mini shayina da ya huce.

Zuwa wurin Farfesa ya fi mini komai wuya, domin ni ba gwanin cewa na yi kuskure ba ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ita ma da laifinta, ta ga an rubuta dabbobin ƙauye ba ta tambayi waɗanne ba. Sannan ta yi mini faɗan da tun na hedimastanmu ban sha irinsa ba, a kan soke sakamako ba tare da hujja ba. Da ta gama ta ce, "Kuɗin komawa gida babu. Wa zai iya shiga inda ba ka shiga ba?"

Yaya Hadiza ce ta faɗo mini. Ita nake bi, tana aure a Hunkuyi, ma'aikaciyar asibiti ce, allura ba baƙuwarta ba ce. Na kira ta ranar Juma'a daga bayan buhunan shinkafa na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da tari.

"Wato Auta, wata biyu ka yi kana shan furar mutane kana auna ragunan layya?"

"Yaya, don Allah."

"Da ka tambaye ni ai da na gaya maka a kyauta. To, yau boko ya dawo hannun mata. Faɗi abin da kake so."

Abin da na gani wurin Sifo shi na kwaikwaya, daidai gwargwado. Na ce ba na son gida ɗaya ko unguwa ɗaya. A sami na kusa da juna, a sami na nesa. Wannan bai yi wuya ba, domin aure ya riga ya warwatsa mana dangi: gwaggonmu tana Taba, 'ya'yan kawu suna ƙauyukan Maƙarfi, ƙawayen Iya suna Janfalan, kowacce kuma tana da maƙwabta. Na ce kullum kowacce ta faɗi abin da awakinta suka ci da abin da suka sha, a lokaci ɗaya, don kada wannan ta ba ni labarin safe waccan ta ba ni na yamma. Yaya Hadiza ta ce agogo ba kowa ke da shi ba, amma kowa yana jin kiran la'asar. Da na gaya wa Sifo ladani ne agogonmu, sai da ya tsayar da mota don dariya. Jini kuma Yaya Hadiza ta bi gida-gida ta ɗiba cikin sati guda, bayan na nuna mata jijiyar wuya a hoto, ta kai wa wani abokin karatuna da ke aiki a ɗakin gwaji a Zariya.

Duk Juma'a ina kunna waya sai saƙonnin murya su yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Kowacce sai ta gaishe ni tukuna, ta tambayi karatu da baƙunta, ta sa mini albarka, kafin ta zo kan akuya. Da farko na riƙa gaggawa ina tsallake gaisuwar. Daga baya ita nake fara nema. Ina jin daka a bayan maganarsu, da kukan awaki, da injin markaɗe, wata rana har da mai tallar mazarƙwaila. Ranar da na ji muryar gwaggon Taba tana cewa, "Ɗan nan, yau ma kan rake suka ci, sai ruwan kanwa," na kifa kai a kan buhu na yi kuka sosai. Basomalen ya leƙo, ya koma, ya dawo da shayi bai tambaye ni komai ba.

A hankali hoto ya fara fitowa. Na zana taswira na ɗora gidajen, na ɗora sakamakon Zariya a kai. Awakin matan da ke kan tudu, masu samun harawar gyaɗa da ta wake, jininsu da dama-dama. Na bakin fadama, waɗanda rani ke kamawa da kan rake, wato ganyen samansa, da ciyawar fadama, su ne jan ƙarfensu ya faɗi, kuma a gidajen ne ake samun 'yan awaki masu tangaɗi. Ciyawar wuri mai danshi takan tara wani sinadari da ke ɗaure jan ƙarfe a cikin tumbi ya hana jiki amfana da shi, farar wuta kuma tana taya shi. Wata kanwar, ba kowace ba, tana da farar wuta da yawa. Har yau ban gama rabe wanda ya fi laifi tsakanin ciyawar da kanwar ba, aikin da ya rage mini ke nan. Amma na goge jan layin nan, na mai da kwalbar Kyalla cikin sahu, kuma ta zauna daidai da na maƙwabtanta na bakin fadama. Farfesa ta duba ta ce in ci gaba.

Saura Iya. Kyalla ta sake ɗaukar ciki, kuma kowa ya san da wuya ta ƙara wani. Na kira, na bar muryar ƙasar waje a gefe.

"Iya, na yi kuskure. Abin da na gaya miki rannan ba haka ba ne. Jinin Kyalla ya nuna cutar tun farko, ni ne ban duba ba."

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Ban san jini ba. Na dai san akuyata."

Na ce Yaya Hadiza za ta kawo wata ƙwaya daga wurin likitan dabbobi a ɗura mata, sau ɗaya tak, kuma kada a kuskura a ba tumaki, domin su kaɗan ne ke yi musu yawa har ya kashe su. Na ce a nemo mata harawa, a rage kan rake. Duk ta ce to. Da na zo kan kanwa sai ta tsaya.

"Kanwar? Uwata da ita ta yi kiwo, awakinta har sun fi ƙarfin turke."

"A tudu take, Iya, kuma ba mu san irin kanwar da take saya ba. Ban ce ki daina ba. Ki ɗaga mata ƙafa har ta haihu, ki ba ta gishiri."

"Wancan karon ma da ƙarfinka ka yi magana, Auta."

Maganar ta shige ni, kuma gaskiya ce. Na ce mata wannan karon ba ni kaɗai ba ne, har da gwaggon Taba da su Yaya Hadiza da duk matan da suka yi ta aiko da saƙo. Sai ta ce tunda da su a ciki za ta gwada. Yaya Shehu ma ya yarda a bar maganar kasuwa sai an ga abin da ta haifa.

Ta haifi ɗaya, mace, da farar ɗamara. Ta miƙe a ranar, amma babu wanda ya yi murna da ƙarfi, domin waccan ma ta miƙe. Sati uku suka wuce, huɗu, shida. Kowace Juma'a ina shiga motar Sifo da fargaba, shi ma ya daina ba'a a hanyar zuwa. Iya ba ta aikowa da komai, in na kira na tambaya sai ta ce, "Tana nan," ta canza magana.

A cikin wata na uku, muna hawa ɗan tudun da waya ke fara kamawa, saƙo ya shigo daga lambar Yaya Shehu. Na ce wa Sifo ya tsaya. Na fita na jingina da mota, farantan suna can baya suna juyawa, na danna. Muryar Iya ce, kuma ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Auta, ka ji abin da ka jawo mini. 'Yar banzar akuyar nan ta haye turmi, daga turmi ta haye katanga, ta dira gidan Malam Audu ta cinye masa zogale tas. Tun safe nake ba da haƙuri. Na ɗaure ta, ta tsinke igiya. Ni ban san yadda zan yi da ita ba."

Tana faɗa ne, amma ina jin dariya tana neman ƙwace mata. Can a bayanta wata 'yar siririyar murya tana ta ɓarke baki. Na ɗauka saƙon ya ƙare, har na sauke wayar, sai na ji ta ci gaba.

"Ka gaida abokin nan naka mai sauraren sama. Kai kuma in Allah ya dawo da kai, duk gidan da ka je ka nemi izini a kai ka har turke. Ka sha furar daga baya."

Sifo ya leƙo ta taga yana tambaya me ta ce. Ban tsaya fassara masa ba. Na sake danna saƙon daga farko, na miƙa masa wayar ya ji kukan akuyar da kansa.